Rasuwar Goggo, Mai Riƙe da Muryar Seul-gi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnuwan da har yau ba su saba da rashinta ba, Pyo Da-som, mai haɗa sauti a ɗakin ƙasa da ke ƙarƙashin gidan abinci a Daegu, take sanar da mawaƙa da makaɗa da abokan sana'a rasuwar manhajarta ta gyaran sauti, wadda duk mai shiga ɗakin ya sani da Goggo. Ta rasu ranar Litinin da hantsi, tana da shekara goma sha ɗaya. Inda fuskarta take fitowa a allon kwamfuta, yanzu wani fili ne mai ruwan toka, har arba'in da ɗaya, ɗaya a kan kowane layin sauti.

Marigayiya ba kyakkyawa ba ce. Fuskarta kore ce irin ta tsohuwar rediyo, da makunnai goma sha biyu da allura guda mai lilo. Amma duk abin da aka ɗauka a ɗakin nan, ta hannunta yake bi. Gangar Gwak Tae-san, wanda ke duka kamar an yi masa laifi, ita ke danne ta har ta zauna a ƙirji maimakon ta fasa kunne. Jitoci biyu na Bang Min-uk, da kullum suke cin wurin juna, ita ke raba musu faɗa, ta rage wa wannan kauri, ta rage wa wancan tsini. Ba ta da surutu. Sai dai “sssss” a hankali idan an buɗe ta, da “ƙas” guda ɗaya idan an matsa mata fiye da kima. Tae-san ya sha cewa numfashin tsohuwa ne, a kai ta asibiti, kuma shi ya raɗa mata sunan Goggo.

Babban aikinta a duniya shi ne muryar Yeom Seul-gi, mawaƙiyar ƙungiyar su Tae-san da Min-uk. A kakar bara Seul-gi ta rera waƙa tara cikin kwana biyar, domin an riga an sa ranar da za a yi mata aiki a maƙogwaro. An yi aikin, ta tashi, amma muryar ba ta dawo ba. Yanzu da raɗa take magana. Wata uku Da-som tana murɗa makunnan Goggo a kan waƙoƙin nan. A watan Maris Seul-gi ta sauko, ta saurare su duka tara ido a rufe, sannan ta ce, “Haka nake jin kaina a da. Kar ki ƙara taɓawa, Da-som.”

Kowa a sana'ar nan ya san cewa da zarar mai waƙa ya ce ya yi, a take ake juye haɗin a fayil guda wanda ba ya bukatar kowace manhaja. Da-som ba ta juye ba. Ta ji wani ɗan jan numfashi a waƙa ta shida da take so ta sassauta, kunya kuma ta hana ta gaya wa Yaya Seul-gi cewa da saura. Ta ce to, ta bar aikin a buɗe sai gobe. Goben ta kai mako bakwai.

Rashin lafiyar ba ta yi tsawo ba. Shekara huɗu kwamfutar tana tambaya kowace safiya ko a sabunta ta, shekara huɗu Da-som tana danna “ba yanzu ba”. Ranar Litinin hannunta ya sauka a kan ɗaya maɓallin. Da kwamfutar ta farka, ba ta san Goggo ba. An mayar da tsohon tsari, Goggo ta buɗe ido sau ɗaya, ta nemi izinin wanda ya ƙera ta, wani dattijo da ya yi aikin shi kaɗai. Shafinsa a rufe. 'Yarsa ce ta amsa wasiƙar da Da-som ta aika masa: ya rasu shekara biyu da suka wuce, ita kuwa ba ta san komai game da aikinsa ba, a yi haƙuri. Inda kowane makunni ya tsaya yana nan a rubuce, amma Goggo kaɗai ke iya karantawa.

Marigayiya ta bar ɗanyen sauti layi arba'in da ɗaya, da wani gwajin haɗi na watan Janairu a wayar Min-uk, inda jitoci suka binne muryar. Ta kuma bar wata sabuwar manhaja mai kyan fuska, wadda Da-som ta yi kwana uku tana lallashi. Tae-san ya ce babu mai jin bambanci sai mai kunnen jemage irin nata. Min-uk bai yi dariya ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe biyu na rana a ɗakin. Za a ajiye farin fure a gaban allon, mai so ya rusuna sau biyu kamar yadda ake yi wa mamaci. Gidan abincin sama zai sauko da miyar nama mai yaji. Ana roƙon kada a kara kofuna. Bayan haka Da-som za ta goge marigayiya daga kwamfutar da hannunta. Don Allah kada kowa ya tambayi ranar fitowar faifan.

An tanadar wa Seul-gi kujera kusa da ƙofa, ko da yake ba a san ko za ta zo ba. Ranar Alhamis aka gaya mata rasuwar. Ta sauko, Da-som ta sa mata sabon haɗin waƙar farko. Ta saurara har amshi, ta cire lasifikar kunne, ta naɗe igiyar da kyau ta ajiye a kan tebur, ta sa takalmanta, ta hau matakala.