Zanzaro Ya Rasu Ya Bar Rimot Biyu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu kuma da ya tokare mini ƙirji wanda ya fi baƙin ciki ɗaci, ni mai askin nan na kusa da kantin magani nake sanar da 'yan uwa, maƙwabta da tsofaffin kwastomomina rasuwar Zanzaro, ɗan ƙaramin jirgina mai saukar ungulu, irin wanda ake tuƙawa da rimot daga ƙasa. Rai ya yi halinsa ranar Laraba da hantsi, a filin ajiye motoci na bayan benenmu, bayan gajeriyar jinya da ba ta kai tsawon atishawa ba.

Marigayin ya shigo gidana ne a lokacin da nake zaman jinya. Waɗanda suka sani sun sani, bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa ni. Allah ya taƙaita, ƙafa ta dawo, baki ya miƙe, amma hannun dama ya tsaya yana shawara. Hannun da ya tsufa yana riƙe kilifa da reza ya koma ko maɓallin riga ba ya iya sakawa, dole na rufe shago. Likita ya ce a nema wa yatsun abin yi. Aka kawo mini ƙwallon roba wai in riƙa matsawa, na ce su kai wa jarirai. Sai Auta, 'yata ta ƙarshe, ta dawo daga wajen aiki wata rana da kwali a hammata. A ciki ga shi nan kwance, ja, tsawon damtse, ciki ɗan kumbure, wutsiya siririya. A take na raɗa masa suna. Ya zo da rimot biyu, fari da baƙi. Auta ta ba ni farin, ta ce baƙin na kashe inji ne kawai idan an ga hatsari, ita za ta riƙe.

Zan faɗi alherinsa, domin ba a hana mamaci haƙƙinsa. Mai tsafta ne, ba ya hayaƙi, ba ya shan mai. Idan aka saka masa batir sai ya gaishe ka, tit-tit-tiiit, ya ƙifta koren idonsa. Idan farfela ta fara juyawa sai ka ji fir, fir, firrrr, har ta koma wani zuuuu mai shiga ƙashi. Ya koya mini ladabin da ban koya ba a shekaruna: cewa ana tsayawa a bayan wutsiyarsa ne, cewa ba a fizgar sandar rimot sai dai a lallaɓa ta, cewa duk lokacin da zai bar ƙasa sai ya zame hagu kuma dole babban yatsan dama ya tare shi tun kafin ya zame. Da farko da ƙafafun koyo yake tashi, sanduna biyu a gicciye da ƙwallaye a bakinsu, yana tsalle kamar kwaɗo. Doka ta fari kuwa, wadda Auta ke nanatawa daga bayana kullum, ita ce kada in kuskura in ɗauke ido daga kan jirgi, ko da sunana aka kira.

Na bi wannan doka sau da ƙafa. Ban taɓa waiwayawa ba.

Makonnin farko mun sha wuya. Na karya masa fukafukai, na kifa shi, na kai shi ƙarƙashin motar mutane. Wata rana bayan na kayar da shi har batir ya ƙare, na ajiye rimot a kan dakali, na hau sama, na ƙi cin abinci, na ƙi magana da kowa. To, tun daga washegarin ranar marigayi ya shiryu. Ya daina zamewa. Ya fara tsayawa cak a daidai gwiwata, sannan daidai ƙirjina, wutsiya a miƙe kamar an ɗaure ta da zare. Muka cire ƙafafun koyo. Mai gadi ya riƙa barin ƙofa yana zuwa tafa mini. Matata tana leƙowa ta taga tana cewa hannu ya dawo.

Ni kuma na ɗaukar wa kaina alkawari. Na ajiye murfin bokitin fenti a tsakiyar fili, na ce duk ranar da na sauke Zanzaro a kansa ba tare da ƙafa ɗaya ta fita ba, zan buɗe shago. Hannun da ya iya wannan zai iya zagaya bayan kunnen mutum da reza. Makon jiya na sauke shi a kai, na sake, na kuma sakewa. Na je na share shago, na goge madubi, na saka wa kilifa mai. Na bi layi ina gaya wa mutane cewa Asabar za a buɗe. Malamin lissafi, tsohon kwastomana wanda tun da na kwanta bai bari kowa ya taɓa kansa yadda ya kamata ba, ya riƙe hannuna ya ce shi ne na farko a kujera.

Game da ciwon ajali, ga yadda abin ya faru. Ranar Laraba Auta ta tafi aiki, na ce bari in yi tashi ɗaya ni kaɗai, don marmari. Na saka batir, na kunna farin rimot. Shiru. Babu tit, babu koren ido. Na canza batir, na hura, na girgiza, na kira sunansa. Yana kwance kamar bai taɓa sanina ba. Sai na hau sama na ɗauko baƙin rimot a ɗakin Auta, wai ko makullin inji ne ya maƙale. Ina kunna shi marigayi ya amsa, tit-tit-tiiit, da wani irin zumuɗi da ban taɓa lura da shi ba.

Da baƙin na tashe shi. Ya bar ƙasa, ya zame hagu. Na ce wa yatsan dama ya tare, yatsan ya makara. Da ya iso kuma sai ya zarce. Jirgi ya yi dama, ya dawo hagu, kowane lilo ya fi na baya faɗi, sannan ya juyo ya dube ni ido da ido, ya wuce ta gefen kunnena ya rungumi ƙafar tankin ruwa. Kalmarsa ta ƙarshe ita ce ƙaras. Farfelar wutsiya ta ɗan ƙara juyi ita kaɗai, ta tsaya.

Da yamma na jera gawar a kan tebur tare da rimot biyun, na jira Auta. Ba ta yi gardama ba. Ta ce marigayi bai taɓa sauraron farin rimot kai tsaye ba, duk umarnin da na bayar sai ya bi ta nata, ita ke zaɓar abin da zai isa. Ta ce da farko komai take sakar mini. Ranar da na ƙi cin abinci ne ta canza. Na tambaye ta to a cikin duk saukar nan a kan murfi, wacce ce tawa.

"Hannun hagu naka ne, Baba," in ji ta. "Na dama ne nawa."

Wato ni nake ɗaga shi sama in sauko da shi, da hannun da tun asali lafiyarsa ƙalau. Wancan kuwa, wanda aka sayo jirgin dominsa, yana ta motsa sanda a banza kamar mai tuƙa motar da aka jingine a kan duwatsu. Matata ta sani. Mai gadi ya sani, yana kallon yatsun Auta yana tafa mini. Amma wanda ya fi ci mini rai shi ne marigayi. Su mutane ne, tausayi ya ja su. Shi fa? Ni nake goge shi da tsumman madubina, ni nake taɓa batirinsa in ji ko ya yi zafi, a kan durowata yake kwana. Ko sau ɗaya bai karkata ya nuna mini gaskiya ba. An ci amanata, kuma a gabana aka ci, ina murmushi.

Ya rasu ya bar rimot biyu, ɗaya magaji na gaskiya, ɗaya ɗan rakiya. Ya bar caja, da batura masu sauran kwana, da fukafukan canji da ba a buɗe ledarsu ba, da ƙafafun koyo waɗanda aka yi gaggawar yi musu ritaya. Ya bar murfin bokitin fenti a tsakiyar fili, na hana a ɗauke. Ya kuma bar wata yarinya da take ajiye mini shayi a bakin ƙofa tun ranar, ta ƙwanƙwasa, ta tafi.

Za a mayar da shi cikin kwalinsa ranar Asabar da safe. Auta ce za ta ɗauke shi, tun da ita yake ji. Daga nan za a zauna karɓar gaisuwa a shagona, a daidai lokacin da na ce zan buɗe, tun da an riga an share. Ana roƙon masu zuwa kada wanda ya ce mini hannu ya yi kyau. Auta za ta iya shigowa, amma ta zauna a gabana, inda zan riƙa ganin yatsunta. Akwai kujera mai juyawa ga duk wanda ya riga zuwa, kilifa da reza dai suna cikin durowa. Malamin lissafi kuma ya yi haƙuri, ya biya ta shagon ƙasan layi a rage masa sumar nan kafin ya iso.