Dattijo Mai Jar Hula a Falon Surukata

Ba zan taɓa mantawa da ƙaramar Sallar nan da ta faɗo a tsakiyar sanyi ba, a shekarata ta biyu da aure. A Yanbu muke zaune, inda maigidana ke aiki a matatar mai, amma Sallah sai Madina, gidan mahaifiyarsa.

Hajiya mace ce da allura ke jin maganarta. Hular da ta ɗinka, ko daga nesa ka hango ta a kan mutum ka san hannunta ne. Ni kuwa ko maɓalli na ɗinka sai ya karkace. Duk da haka na ƙudurta sai na kai mata abin da zai sa ta san ɗanta bai auro raguwa ba.

Maƙwabciyata 'yar Filifin, ma'aikaciyar jinya, ita ta koya mini irin ɗinkinsu: yadi mai ƙananan ramuka, kina ƙirgawa kina gicciya zare. Ta ara mini littafin zanenta in zaɓa. Larabcinta bai nuna ba, Turancina kuma babu shi, don haka rabin hirarmu da hannu ne. Na zaɓi wani dattijo mai farin gemu da jar hula da jar riga, fuska cike da fara'a, ga buhu a kafaɗa. A raina na ce wannan mai raba zakkar fid-da-kai ne. (Dabbobin da ke gabansa kuwa awaki na ɗauka, masu dogon ƙaho. Kada ku tambaye ni.) Ta yi ta ƙoƙarin faɗa mini wani abu, ni kuma ina ta gyaɗa kai ina godiya.

Azumi guda na yi ina tsire yatsuna. Ko maigidan ban nuna wa ba.

Ranar Sallah falo ya cika da dangi, ana shan gahawa da dabino. Na durƙusa na miƙa wa Hajiya rigar matashin kai, ina jiran yabo. Sai Samira, 'yar yayar mijina da ke jami'a, ta leƙo, ta toshe baki, ta ce da Larabci:

"Ya khala, hada Baba Nuwel!"

Wata ta fassara wa tsofaffi: tsohon nan ne na Kirsimeti. Dariya ta ɓarke har kicin. Maigidana ya sunkuyar da kai kamar ya ga wani abu a cikin kofinsa. Ni kuwa gumi ya karyo mini a cikin wannan sanyin.

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta saka tabarau, ta juya bayan yadin, ta bi shi da yatsa a hankali.

"Babu ƙulli ko ɗaya," in ji ta. "Ki gaishe da wadda ta koya miki, 'yata, ta iya koyarwa. Shi kuma bawan Allahn nan, ki bar mini shi kwana biyu."

Kafin mu koma Yanbu ta warware fuskar da awakin. Jar rigar ta zama nonon dabino nunanne, gemun ya koma farin fure. Duk baƙuwar da ta yaba, sai Hajiya ta ce aikinmu ne ni da ita, ba ta ƙara komai.

Har yau ina ɗinki, amma furanni kawai. Duk zanen da na ga yana da gemu, sai na fara tambayar sunansa da sana'arsa.