Ranar da Injiniya Ya Kawo wa Baba Taro Har Gado

"Ni da kuke gani, ko a ƙasan rijiya aka yi taro, sai na kawo muku shi ɗaki kai tsaye, har ku ji ƙamshin turaren shugaban taro!"

Mijin yayata ke nan, wanda muke kira Injiniya. Kada ka tambaye ni injin da ya taɓa gyarawa, abokina. Ni na raɗa masa sunan ranar da ya canza wa rimot batir, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu.

Abin da ya jawo wannan cika-baki, Autarmu ce ta gama makarantar koyon jinya, za a ba ta takardar shaida ranar Asabar da safe. Baba kuwa yana kwance da karaya, an ɗaure ƙafar har gwiwa. Cikin mu shida ita kaɗai ta kai ƙarshen karatu. Ni tun a aji uku na sallami malamai, don na lura sun fara maimaita abin da na sani. Shi ya sa Baba ya rantse ko da rarrafe sai ya ga an miƙa wa 'yarsa takarda.

"Baba, yi kwanciyarka," in ji Injiniya. "Ni zan je da wayata, kai ka kalla a talabijin. Na kujerar gaba ma sai sun yi maka hassada."

Ranar ya yi sammako. Ya ɗora akwatin intanet a kan firij, ya jingina masa murfin tukunya, wai kada sabis ya riƙa zubewa ta baya. Ya jona talabijin, ya naɗa ni mai gadinta. Ina leƙen wayarsa na ga ya zaɓi hoto mafi nauyi.

"Yaya Injiniya, zauren taron nan zai cika da wayoyi fa. Rage nauyin hoton, sabis ya iya ɗauka."

"Kai ɗan aji uku! Surukina zan nuna wa hoto dishi-dishi? Tsaya matsayinka."

Ƙarfe goma hoto ya fito tas. Ga ƙofar makaranta, ga furanni. Baba ya gyara matashi, Mama da yayata suka matso. Injiniya na sa ƙafa cikin zaure, komai ya daskare, sai wata 'yar ƙawanya ke ta juyi a tsakiyar allo.

"Wannan kuma me take yi?" in ji Baba.

"Tunani take yi, Baba."

"To ta fi mai ita."

Na kira Injiniya a ƙaramar wayarsa. "Yaya, hoto ya sandare."

"Daga wajenku ne! Gyara murfin tukunya!"

"Na gyara. Ai sabis kamar hayaƙi yake, sama yake bi. Hau kujera."

Wallahi ya hau. Muka ga fanka, muka ga ƙeyar wani mai sanƙo, muka ji wata mata tana cewa, "Malam dogo, sauka ka tare mana!" Ya koma taga, muka sha kallon labule. Jawabin shugaban makaranta kuwa guntu-guntu yake zuwa, kamar akuya ta shaƙe.

Can aka fara kiran sunaye, sai Allah ya taimake shi hoto ya washe. Ga Auta a layi cikin fararen kaya, saura mutum uku a gabanta. Baba ya ɗago har ya manta da ƙafa.

A nan ne fa halina ya motsa. Na raɗa masa a waya, "Yaya, Baba sai tambaya yake wane gwani ne ya yi wannan aiki. Ɗan nuna fuska mana." Na rantse, gaisuwar daƙiƙa biyu na zata.

Gogan ya juya kyamara, ya riƙe wayar a ƙarƙashin haɓa, ya gyara murya.

"Masu kallonmu na gida, ni ne naku—"

Ƙyam! Hoto ya tsaya. Hanci ya cika talabijin daga bango zuwa bango, ƙofofi biyu a wangale kamar garejin mota, kuma da yake hoto mafi nauyi ne, kowane gashi ana iya ba shi suna. Murya kuwa ba ta tsaya ba. Muka ji an kira Auta, muka ji tafi raf-raf-raf. Baba yana jin tafin 'yarsa yana kallon hanci. Minti goma sha ɗaya. Yaya ta tuna ta bar ruwa a wuta. Ni kuwa na duƙufa gyaran murfin tukunya.

Da rana Auta ta dawo da ƙawarta, mai wata tsohuwar waya da aka ɗaure da roba. Ashe ƙawar ta ɗauki ɗan bidiyo na rabin minti lokacin da ake miƙa wa Auta takarda. Baba ya kalla sau bakwai, yana share ido da gefen zanen gado.

Sai ga Injiniya, yana tafe yana baza kafaɗa.

"Baba, yaya ka ga aiki? Tsabtar hoto fa?"

Baba ya ajiye wayar a ƙirji.

"Tsabta kam ba a magana, ɗana. Minti goma sha ɗaya ina leƙe ta hancinka, na hango har ƙeya. Ɗaki ne fes, ko kujera babu."