Sai An Taɓa Hula

Wani ne, Allah ya jarrabe shi da son kiɗa amma bai ba shi hannu ba. Ƙanin matarsa yana kaɗa jita a wata ƙungiya, irin masu haɗa jitar lantarki da goge da ganguna, suna waƙa da harshen ƙauye tsantsa, irin wanda kakarka ke yi in ranta ya ɓaci. Tsakanin waƙa da waƙa kuma shugabansu yakan ajiye jita ya ba da labarin ban dariya.

Shi kuwa mutumin namu, kullum matarsa cikin yi masa gori take, wai ba abin da ya iya sai ɗumama benci. Ya rantse sai ta gan shi da rigar ƙungiyar nan. Ya dami ƙanin matar, safe da yamma, har dai ya gaji ya kai shi inda suke gwaji, a bayan shagon wani kafinta.

Aka ba shi ganga, bugu na uku ya fasa fata. Aka ba shi makirufo, karen maƙwabta ya kama haushi. Mai goge kuwa tun kafin a zo kansa ya rungume abinsa ya koma lungu.

Ana shirin sallamarsa sai shugaba ya gwada wani sabon labari. Mutumin nan ya saki dariya. Jama'a, dariya ce irin wadda ke fitowa tun daga cibiya. Kafinta da ke waje bai ji labarin ba, amma sai da ya ajiye guduma ya riƙe ciki.

Shugaba ya ce ai ga aiki ya samu. Ya ce 'yan kallo wani lokaci nauyin baki gare su, kowa na jiran wani ya fara. Don haka ranar wasa mutumin namu zai zauna a tsakiyar jama'a kamar bai san kowa ba.

"Ka ga na taɓa hula, ka saki dariya. Ban taɓa ba, ka kama bakinka. In ka yi daidai, riga taka ce."

Kwana uku bawan Allah yana gaban madubi, ya taɓa hularsa ya ƙyalƙyale, ya sauke hannu ya ɗaure fuska. Matar har ta fara tambayar maƙwabta ko sun san mai magani.

Ranar Asabar da yamma zaure ya cika maƙil, fankoki duk sun mutu, zafi kamar gidan burodi. Mutumin namu ya zo da matarsa, ya zaunar da ita kusa da shi don ta gani da idonta.

Shugaba ya ba da labarin farko. Labari ya yi daɗi, zaure ya ɗauka da kansa, har shugaba ya manta da wata hula. Kowa na dariya, mutumin namu fuska a murtuke, ido a kan hula. Wani mai ƙiba a gefensa yana ta buga cinya, sai mutumin namu ya taɓa shi a hankali.

"Malam, yi haƙuri, ba a taɓa ba tukuna."

Labari na biyu ma haka. Hankalinsa ya fara tashi. Wasa ya yi nisa, bai yi aikin ko sisi ba, ga matar tana masa kallon gefen ido.

Can sai shugaba ya sassauta murya, ya ce waƙar da ke tafe ya yi ta ne don mahaifiyarsa da ta rasu bara. Goge ya fara kuka. Zaure ya yi tsit, mata na share hawaye. Shi kansa mutumin namu hawaye yake sharɓa, don wallahi yana da tausayi.

Ana tsakiyar baiti na biyu gumi ya gangaro wa shugaba cikin ido. Ya ɗaga hannu ya tura hula baya.

Ai kuwa mutumin ya saki dariyar da ya tara tun farkon wasa.

Shugaba ya firgita, ya ɗora hannu biyu a ka. To ina hannun ya sauka? Kan hula. Mutumin ya ce a ransa hannu biyu kenan, aiki biyu. Ya ƙara wuta har ya zame daga kujera. Mai ƙiba ya kamu, layin gaba ya kamu, mutane na dariya da hawayen makoki a fuska. Mai goge ya yi ta maza, ya cije leɓe, ƙarshe shi ma ya fashe. Matar ta ja mayafi ta rufe fuska ta nemi ƙofa.

Bayan an tashi, shugaba ya tare shi a bayan dandamali. Ya tambaye shi ko mutuwar uwarsa ce abin dariya. Mutumin ya rantse duk zauren ba wanda ya kai shi kuka, amma aiki aiki ne, shi kuma ba ya wasa da umarni. Ya ƙara da cewa shi shugaban da ya san uwarsa ta rasu, me ya kai hannunsa hula?

Takaici ya ishi shugaba. Ya nuna masa ƙofa, ya fizge hular daga kansa zai maka ta da ƙasa.

Mutumin ya kece da dariya, hawaye shaɓe-shaɓe, yana riƙe da haƙarƙari. Da ƙyar ya samu numfashi.

"Shugaba, don girman Allah, in korata za ka yi, ka sa hannunka a aljihu tukuna."