Fankata da Birekar Gidanmu

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar sunan jikana a gidanmu na Lokuwa, kuma waɗanda suka ga abin ma ba za su bari in manta ba. Akwai ɗana Hamisu, da matarsa Rukayya mai jego, da uwarta Hajiya Dudu wadda ta zo daga Lamorde da mata cike da Keke Napep biyu, sai Bitrus, mai gyaran wuta da ya yi mana wayarin gidan.

Wata irin bireka Bitrus ya sa mana, wai da ta ji waya na tartsatsi sai ta kashe wuta. Sati uku ba mu huta ba. Ranar suna kuwa kafin azahar sau biyar tana ɗaukewa. Zafi, ga baƙi, ga kunun aya yana tsami a firij a gaban surukai!

Na sa aka kira shi. Ban bari ya gama sallama ba.

"Kai Bitrus, tsoron Allah ba ya kama ka? Ka liƙa mana ruɓaɓɓen abu a bango! Cire shi yanzu ka sa irin na kowa, in ba haka ba Lokuwa kaf sai ta ji, ba mai sake ba ka aiki."

Ya ce, "Mama, ba ya kashewa haka kawai. Wani abu yana wuta a gidan nan."

(Ni ban yi boko ba, amma allura ba ta faɗuwa a gidana ban sani ba. Shi ne zai gaya min?)

Na ce to mu je, ni da kaina na shige gaba. Ɗakin Rukayya na fara kai shi, don na daɗe ina zargin tarkacenta. Aka cire abin markaɗe, aka cire dutsen guga, yarinya tana riƙe da jariri. Wuta ta sake ɗaukewa.

"Saura ɗakin Mama," in ji Bitrus.

Na ce ba komai ciki sai tsohuwar fankata ta tebur. Kan wayarta ya fashe tun tuni, sai nake cusa wayoyin tsirara a soket in danne da tsinken tsintsiya. Haka kowa ke yi, kuma fankar ta fi Bitrus shekaru.

Ya kunna. Fanka ta juya kai, waya ta motsa, sai ƙyas! Tartsatsi, wuta ta mutu. Ya janye katifata: bangon ya yi baƙi, gefen katifar ya babbake. A nan nake kwantar da jaririn duk hantsi.

Hajiya Dudu ta leƙo ta kafaɗata ta ce, "Ikon Allah. Ashe ɓarawon yana ɗakin alƙali, Hajiya." Matan Lamorde suka rufe baki da mayafi. Hamisu ya kama duban silin kamar yau ya fara ganinsa. Da Bitrus ya rama ma da sauƙi, amma sai ya ce, "Ba komai, Mama." Wannan ta fi ƙona min rai.

Abin da na koya: in za ki yi bincike da gayya, fara da ɗakinki, ke kaɗai, ƙofa a rufe.

Washegari na naɗe fankar a zani, na haɗa da kwanon naman suna, na tafi shagonsa. Na tsaya sai da maƙwabtansa suka taru, na ɗaga murya na ce, "Yaron nan ya iya aiki, ni ce ban iya ba." Sannan na ce ya sa wa fankar sabon kai, kuma ya yi sauri, ba wuni na zo yi ba.