Waya Ɗaya Ba Ta Ɗaukar Iska da Haske

Zuwa ga Mai Girma Shugaba, Babban Manaja, kuma Injiniya ɗaya tilo na Kamfanin Lantarki na Gulzar, shago na huɗu daga mai sayar da madara, tsohuwar kasuwa, Multan: Imtiyaz Sahib.

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da manya, ina neman afuwa da na manna wannan takarda a ƙofar shago inda kowa zai karanta. Na lura cewa a kamfanin nan ana sauraron kowane baƙo, ban da matar da ta haifi manaja. Sau tara na yi maka magana muna cin abinci, sau tara aka ce mini, "Gobe, Ammi," da baki cike da tuwon hannuna.

Ga koke-kokena.

Na farko. Da ƙaramar Sallah ka kawo mini fanka mai fitila a tsakiyarta, ka ɗaura a falo. Na gode, Allah ya yi albarka. Amma daga allon makunni zuwa silin waya ɗaya ce mai wuta, ita kuwa wannan fanka biyu take so, ɗaya ta iska, ɗaya ta fitila. Ni da na tsaya a aji goma na san haka. Maimakon ka jawo waya ta biyu, sai ka murɗe su tare, ka ɗora a kan abin murzawar nan da muke kira dima, ka ce, "Ammi, zamani ke nan, murzawa ɗaya ta wadatar." Ranka ya daɗe, yaushe aka sauya wa lalaci suna?

Na biyu, kuma shi ne babba. Shekara goma sha tara ke nan matan unguwa suna taruwa a falona kowace Alhamis bayan azahar, a raba juzu'i talatin, a sauke Alƙur'ani. Tagogi a rufe suke saboda zafin rana, don haka dole a kunna fitila. Yanzu in na murza dima sama don tsofaffi su ga baƙi, sai fanka ta taso kamar guguwa. Kowace mace hannu ɗaya a kan shafi, ɗaya a kan mayafi. Khala Sughra, mai shekara tamanin, ta karanta shafi guda sau uku don iska tana mayar mata da shi baya, ta ce, "Shamim, 'yar nan, ladan dai na samu, amma juzu'in bai motsa ba." In kuma na rage, sai falo ya yi duhu, mutum shida su fara gyangyaɗi. Shin kamfani zai ɗauki alhakin juzu'in da aka bari a tsakiya?

Na uku. Fankar tana gurnani kamar tsohon rago. Na ɗauko kwalin dima daga inda ka jefar, na sa tabarau. An rubuta ƙarara cewa na fitila ne kaɗai, kada a sa wa fanka. Don mu a nan komai mai murzawa dima muke ce masa, shi ke nan sai duk suka zama ɗaya? Ni na zauna a kanka da muciya har ka iya karatu. Me aka yi da shi?

Na huɗu. Makon jiya Apa Farzana ta gidan kusurwa ta kama hannuna a gaban kowa, ta ce, "Kada ki wahalar da kanki, 'yar'uwa. A gidana iska daban, haske daban. Ga shi ɗana ba injiniya ba ne, tela ne kawai." Mata suka gyaɗa kai alamar yarda. Wannan Alhamis za su yanke shawarar inda sauka za ta koma. Farzana, wadda shayinta ruwa ne aka nuna wa madara daga nesa!

Ɗana, Allah ma bai ɗaura rana da iska a igiya ɗaya ba. Wanda ya haɗa abin da ya kamata a raba don gudun hawa tsani sau biyu, ya duba sauran al'amuransa.

Saboda haka ina roƙon Mai Girma, cikin ƙanƙan da kai, ya iso ranar Laraba kafin la'asar da waya, da makunnin fitila, da dima na fanka na gaskiya. In ayyuka sun hana, ba zan yi fushi ba, kuma ba zan bar wa Farzana saukar ba. Jiya na leƙa shagonka, na ga fanka shida da fitilu jere, kowanne da makunninsa. Mu ashirin da uku ne, za mu iso shagon ranar Alhamis da ƙarfe biyu, mu yi saukar a can. A share ƙasa, a shimfiɗa fararen zannuwa, a sallami masu ciniki. Shayin Khala Sughra ba a sa masa sukari.

Taka mai biyayya har kullum,
Shamim Akhtar,
ƙaramar abokiyar cinikin kamfani, kuma Amminka.