Manton Aljeriya da masassarar ƙarya

Ba zan taɓa mantawa da kakar da na je nema wa ɗan ƙanena aure a wani ƙauye gaba da Barmu ba. Ko na so in manta, taubashina Bawa yana da rai, kuma bai gaji da ba da labarin ba. Gara ku ji shi daga bakina, don shi yana ƙara gishiri.

Ni karatuna bai yi nisa ba. Na taɓa lakkol, wato makarantar boko, kaɗan, aka ɗauke ni planto a wani biro, wato ofis, nan Tawa, ina kai takardu ina kawo shayi har na tsufa na ajiye aiki. Zaman biron nan ya bar mini ciwo guda. Shekara da shekaru ina ganin manya suna shigowa da kwat ana miƙe musu, har na ɗauka girman mutum a jikin tufarsa yake. Don haka ranar da ɗana da ke aiki Aljeriya ya aiko mini da manto, doguwar rigar sanyi irin ta Turawa, sai na ji kamar an ƙara mini muƙami. Baƙi ne, mai kauri, cikinsa da gashi kamar bayan tunkiya. Zif ɗinsa daga gwiwa har haɓa, bakin hannunsa kuma da roba mai kama wuyan hannu tam. Matsalar ita ce tsakiyar damina ya iso. Na rataye shi a ɗaki, kullum da asuba in fito tsakar gida ina shaƙar iska ko sanyi ya zo.

Duk wanda ya tashi a Adar ya san halin ƙarshen damina. Ruwa ya ɗauke, an shiga yankan hatsi, da asuba raɓa ta sauka har mutum ya ji sanyi a ƙashi. Amma sanyin nan baƙo ne, ba ya kai hantsi. Rana na ɗagawa zafin kaka zai sauko, wanda wani lokaci har ya so ya yi gogayya da na bazara. Shi ya sa tsofaffinmu ke sa riga marar nauyi su yafa mayafi. In rana ta yi, a naɗe mayafin a kafaɗa ko a shimfiɗa a zauna. Na san wannan tun ina yaro ina bin ubana gona. (Ina faɗa ne don kada wani ya yi mini uzuri da rashin sani.)

Yaron da za a nema wa auren sunansa Illa, ɗan ƙanena marigayi, kabu-kabu yake yi a gari. Ya daidaita da wata yarinya, Hadiza, da ta zo Tawa koyon ɗinki wajen gwaggonta. Su biyun sun gama maganarsu, saura baffanta, Malam Hamidin, wanda aurenta ke hannunsa. Mutumin nan bai yarda da mutanen birni ba. An ce yakan ce ɗan birni riga ce da baki, in ka ɗaga rigar ba ka samun kowa. Ga kuma wani ɗan ƙauyensu da ya riga ya aika, aka ce masa ya jira a gama kai hatsi rumbu. In ba mu samu amsa a wannan zuwan ba, to an gama. Illa ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, kai kaɗai gare ni." Na ce ya kwantar da hankalinsa, irinmu da muka zauna da manya ba a mayar da mu hannu wofi.

Ranar tafiya, uwargidana Hajiya Rabi ta goge mini farar riga ta ninke mayafi a kai. Na fito da asuba na ji iska mai sanyi, na koma ɗaki na sauko da manto.

Ta ce, "Malam, wanga abu na ɗari ne. Ɗari bai zo ba."

Na ce, "Ke mi kinka sani ga sanyin hanya? Bayan mota za mu zamna."

"To sa rigar daga ciki. In rana ta yi ka tuɓe shi."

Na gwada. Babbar riga ta taru a cikin manto, na koma kamar buhun gawayi, zif ya ƙi hawa. Sai na cire rigar na jawo wani tiriko da ke kan igiya, irin 'yar rigar nan mai gajeren hannu. Nata ne. A gidan likita aka raba musu ranar da aka tara matan unguwa ana koya musu amfanin nonon uwa. Ruwan ɗorawa ne, a gabansa kuma an zana wata mace ƙatuwa tana shayar da jariri, kuma wanda ya yi zanen bai ɓoye kome ba. Ba zan ce duhu ne ya sa ban gani ba. Na gani sarai. Na ce a raina, wa zai leƙa cikin manto?

Hajiya ta dube ni, ta dubi rigar da ta goge, ta ce, "Allah shi kiyaye hanya." Shekarun da muka yi tare sun isa in gane wannan irin addu'ar, amma na fice.

Gaskiya farkon tafiyar ta yi mini daɗi. Ni da Bawa muka hau bayan motar kasuwa, iska tana kaɗawa, shi yana ƙudundune cikin mayafi haƙoransa suna haɗuwa, ni kuwa na miƙe ƙafa. Har na ce masa, "Bawa, in ba ka aron hannu guda?" Ya harare ni ya ƙara jan mayafi. Muna wuce Barmu ya cire mayafin ya ɗaura a kai. Ni a lokacin na fara jin wani abu yana gangarowa ta tsakiyar bayana.

Mun sauka ƙauyen da hantsi. Aka shimfiɗa mana tabarmi ƙarƙashin bedi, wato itacen dogon yaro, a ƙofar gidan Malam Hamidin, dattawa suka zauna, kowa da rigarsa shara-shara. Amalanke suna wucewa da damman hatsi. Aka gaisa, aka tambayi hanya da mutanen gida, aka kawo fura a ƙwarya, an dama ta da nono da ruwan randa. Ina miƙa hannu zan ɗauki ludayi sai Malam Hamidin ya ce, "Alhaji, tuɓe wanga kaya ka sha iska mana. Nan gida ne."

Da na yi dariya na ce ya ba ni aron riga, da an wuce wurin. Amma sai na ji bakina yana cewa, "Wallahi masassara ce ta taso ni da dare. Sanyi nike ji."

Kaka lokacin masassara ne, ba gidan da ba a kwance, don haka ba wanda ya yi shakka. Nan take aka janye ƙwaryar daga gabana, aka ce mai masassara ba ya shan sanyi. Aka aika cikin gida, aka kawo mini kunu mai zafi da citta da barkono. Ban gama shi ba wata tsohuwa ta aiko da ruwan ganyen bedi da aka tafasa, ta ce a tsaya a kaina sai na shanye. Wani dattijo ya ce inuwa ba ta yi wa mai masassara kyau, aka ja tabarmata zuwa gefen da rana ke bugawa. Bawa ya san lafiyata ƙalau, don tare muka ci ƙosai a tasha. Ya jawo furata gabansa ya haɗa da tasa, ya dube ni da tausayi ya ce, "Ku ƙara mishi bargo. Haka take yi mishi duk shekara."

Aka kawo bargo. (Har yau in na ji warin ganyen bedi sai in ji zufa ta keto mini.)

A cikin wannan hali na buɗe maganar da ta kawo mu. Na kwana ina shirya ta, da karin magana da ambaton zumunci, amma duk ta narke. Zufa tana shiga idona, ina share ta da bakin bargo. Na kira yaron da sunan ubansa, na kira yarinyar da sunan gwaggonta. Sau biyu ina fara zance in manta inda na nufa. Malam Hamidin ya saurare ni har na yi shiru, sa'an nan ya ce, "Alhaji, maganar aure ba a yin ta da wanda bai cikin hayyacinshi. Ku yi salla ku koma gida ka yi jinya. In Allah ya sa da rabo, a gamu bayan kaka."

Bayan kaka. Ni da Bawa muka dubi juna. Wannan karon ko shi bai yi murmushi ba.

Aka kira azahar, aka kawo butoci aka jera a gaban 'yar masallacinsu, kowa ya tsuguna. Na tsuguna ni ma, na ja hannun manto don in wanke hannu zuwa gwiwar hannu. Robar nan ta tsaya a tsakiyar damtse na ƙasa ta ƙi gaba. Na ja, na murɗa, na tura, ko motsi. Na duba ko zan zaga bayan rumbuna in tuɓe a ɓoye, na hango mata can suna sussuka. Malam Hamidin ya lura da ni. Ya tashi da kansa ya ɗauko wani dutse mai santsi daga bakin masallaci ya ajiye a gabana.

Ya ce, "Kada ka taɓa ruwa. Yi taimama. Allah ya sauwaƙe ma mara lahiya."

Ga ƙofa an buɗe mini. In dafa dutse in shafa, in yi salla cikin manto, in hau mota in koma Tawa da mutuncina, ba wanda ya ga kome. Na dubi dutsen, na dubi butar cike da ruwa. Tun safe nake yi wa mutane ƙarya, kuma ban ji ta yi mini nauyi ba. Amma in tsaya gaban Ubangiji da taimama, ga ruwa, ga lafiya, da furfurata, saboda zanen mace a ƙirjina, wannan na kasa.

Na miƙe na ce, "Malam Hamidin, lahiyata lau. Ƙarya na yi muku." Na kama zif na ja shi har ƙasa.

Ban taɓa sanin zif yana da ƙara haka ba. Tirikon ya jiƙe sharkaf ya manne a jikina, kuma da yake ina da ɗan tumbi, matar ta ƙara cika ido. Kowa ya zuba mata ido. Wani tsoho da ba ya gani sosai ya matso har hancinsa ya kusa taɓa ni, ya ce, "Wagga wa ce?"

Bawa ya ce, "Ita ce masassarar."

Dattawan da suka riga suka yi alwala ma sai da suka riƙe ciki don dariya. Matan da ke sussuka suka ajiye taɓare suka leƙo, na ji guɗa daga bayan rumbu. Ni kuwa ina tsaye da manto a hannu ɗaya, ɗayan hannun ina ƙoƙarin rufe abin da tafi guda ba ya rufewa.

Malam Hamidin kaɗai bai yi dariya ba. Ya cire mayafinsa ya yafa mini, ya aika aka kawo rigarsa ta Juma'a. Na yi alwala da ruwa mai sanyi, muka yi salla. Da muka koma inuwa ya sa aka dama wata fura ya ajiye a gabana, ya jira na sha na ƙoshi. Sa'an nan ya ce, "Tun safe nike kallonka. Na san masassara, ba ta bin ƙwaryar fura da ido. Na ce bari in ga inda ɗan birni za ya tsaya." Ya ɗauki dutsen nan ya juya shi a hannu. "Da ka dafa wanga dutse, da ko akuyata ba ni ba ku. Ka ce ma yaron ya aiko da magabatanshi a sa rana." Ya ajiye dutsen ya ƙara da cewa, "Amma su zo da riga."

Na isa gida da la'asar sakaliya cikin rigar wani, manto a hammata. Hajiya tana tankaɗe, ta ɗaga kai ta dube ni sama da ƙasa. Abin da kawai ta ce shi ne, "Ina tirikona?" Na zauna a bakin turmi na ba ta labarin duka, na ce ta yafe mini, ba don ranar kaɗai ba, har da sauran ranakun da ta goge riga na ƙi sawa. Ta ce ta yafe, amma sai da ta sa na maimaita mata wurin tsohon nan sau biyu.

An yi auren. Hadiza yanzu da goyonta, kuma matan ƙauyensu in sun zo Tawa ba sa tambayar gidan tsohon planto, sai gidan Baba mai shayarwa. Manton kuwa, da ɗari na gaske ya zo na sa shi zuwa masallaci rana ɗaya tak. Tun daga ƙofar gida har sahu, duk wanda na gamu da shi sai ya tambaye ni yau wa ke ciki. Na dawo na ba Bawa kyauta, shi ke sawa yanzu, kuma ya yi masa kyau.

Ni dai kaka na kamawa nake fito da riga marar nauyi da mayafi, kamar yadda na ga ubana yana yi. Kuma duk abin da zan sa daga ciki, sai na tambayi kaina ko zan iya yin alwala da shi a gaban surukai.